Kukan Tattasai

Litinin, 4 ga Agusta

Ado ya zo daga Ɗan Issa ya gaishe mu. Kafin ya tafi ya tsaya gaban motar yayansa, ya ɗaga tamfal ya leƙa, ya ce da na fita takaba za a kira masu sayen ƙarafa su ja ta haka nan. "Wa za shi sayi mota da cikinta a buɗe?" Na ce haka ne. Me zan ce?

Tun rasuwar Baban Maryama tana nan ƙarƙashin rumfa, ja, ƙofa biyu, cikinta kusan na taɓa ƙasa. 'Yan unguwa Tattasai suke ce mata. Mutum mai kamiyon dakon kaya, mai furfura a gemu, ya je har Kwatano ya sayo motar da ko buhun gero ba ta ɗauka. Bai ishe shi ba sai da ya yi odar wani ƙarfe wai shi kwamfaresa, wanda zai riƙa ɗura wa inji iska ta ƙara gudu. Ya kwance saman injin ranar Lahadi, zazzaɓi ya kama shi Litinin. Kwamfaresan na nan cikin kwalinsa ƙarƙashin gadona.

Inna Indo ta shigo da koko yayin da Ado ke magana, ta bi ta nesa da rumfar kamar kullum. Baban Maryama ɗan farinta ne. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan". Ranar da aka fita da shi ma tana zaune tana ba baƙi ruwa, idonta a bushe.

Asabar, 9 ga Agusta

Na jawo kwalin na buɗe. Nauyi kamar turmi. Ba shi da kyan gani ko kaɗan.

Da Baban Maryama yakan kunna mini bidiyon irinsa a waya, ya kanga mini a kunne, "Ji, Bushira, ji yadda yake kuka in an taka." Ni kuwa in ce ya matsa ina tankaɗe. To ga ni yau, mai takaba, da ya kamata in riƙe carbi, ina zaune ina shafa ƙarfe. So nake in ji kukan nan. Na rubuta, na faɗa. Allah ya yafe mini.

Talata, 12 ga Agusta

Na kira Yaya Salisu a garejinsa na Maraɗi. Shi ne kaɗai makaniken da zai shigo gidan nan ba a yi magana ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya ce, "Kin san dukiyar magada ce? Akwai haƙƙin Maryama, akwai na tsohuwa. Abin ga in ba a daidaita shi ba inji yake hwasawa."

Na ce ai don magadan nake yi, mota mai tashi ta fi daraja. Haka na gaya wa Ado a waya, har ya yaba mini hankali. Bakina bai yi ko rawa ba. Ni da ba na iya ɓoye wa mai kayan miya cewa ina da canji.

Inna ban gaya mata ba. Na ce a raina ai ba ta son a yi mata zancensa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Yaya Salisu ya zo da akwatin ƙarafansa a kan babur. Ya ɗaga murfin inji, zanzaro ya yi gini cikin bututun iska, ɓera ya ci waya biyu. Ramukan injin duk an toshe su da tsumma don ƙasa kada ta shiga. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini. Tsohon zanena ne mai ganye-ganye, wanda na yi ta nema har na zargi mai wanki.

Na shiga ɗaki na daɗe. Da na fito ya yi kamar bai lura ba, ya ce in riƙe masa kwanon notuna.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ruwa wuni guda. Na fita sau ba adadi ina gyara tamfal.

Asabar, 30 ga Agusta

An ɗora kwamfaresan. Ya zauna bisa injin, sai dai bel ɗin da zai juya shi ya yi gajarta, sai an nemo wani a Maraɗi. Cikin kwalin akwai ƙafafun juyi biyu da bel ke hawa, babba da ƙarama. Yaya ya ce ƙaramar ta fi tura iska, ta fi kuka, ta fi kashe inji. Ya ce ya san wadda mamacin zai saka, shi kuma babbar zai saka, kada ma in buɗe baki. Ban buɗe ba. Amma na so ƙaramar, kuma ina jin ya gani a fuskata.

Da la'asar matan unguwa suka zo gaisuwa. Ina miƙa wa Rakiya ruwa ta kalli farcena, baƙin mai ya shiga ƙarƙashinsu. Ta ce, "Lalle kika sa, mai takaba?" Na ce tukunya na kankare. Ta ce, "Ayya, tukunya." Kafin magariba na san labarin ya kai bakin tafki.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bel ya zo, ya yi daidai. An sauya buji, wato fulogi, an sauya masu fesa isansi, wato fetur, aka sa manya, don wai iska in ta ƙaru dole mai ya ƙaru. Na aiki a sayo isansi na kwalba a bakin hanya, Yaya ya shinshina ya ce a zuba wa injin ban ruwa. Wannan ba ya cin na kwalba, sai na gidan mai. Zai zo da shi cikin bido mako mai zuwa, da batir, da ordinatar ɗin abokinsa, kwamfutar daidaita inji.

Maryama ta tambaye ni ko in motar ta tashi Baba zai dawo ya tuƙa. Na ce a'a. Yarinya ƙarama ta faɗi haka a gabana, kuma ko sau ɗaya hankalina bai kai ga tsohuwar da ke bayan katanga ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ne. Yaya ya zuba mai, ya haɗa batir, ya jona ordinatar ƙarƙashin sitiyari. Ya murza makulli ta yi tari ta mutu. Ya sake. A na uku ta kama. Kwamfaresan bai ce komai ba tukuna, sai an taka yake magana. Abin da ya fito tsohuwar muryarta ce, gurnanin nan da ke girgiza kwanuka a kan kanta, wanda duk unguwa ta sani kowace safiya in Baban Maryama zai fita.

Sai na ji kwano ya faɗi a sashen Inna.

Ta shigo da gudu. Inna da ko ruwa ake tafkawa ba ta sauri. Babu takalmi, ɗankwali a kafaɗa, hannunta duk garin gero. Ta kira sunan ɗanta. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau biyu. Ta zo ta kama ƙofar motar ta leƙa, ta ga Yaya Salisu.

Ya kashe injin. Ta tsaya tana kallon hannunta a kan ƙofar. Ta kalle ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ɗaura ɗankwali, ta ce wa Yaya, "Sannu da aiki," ta juya. Ta bayan katanga na ji kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kuma maƙwabta ma sun ji, don Rakiya na tsaye a zaure.

Matar nan ta riƙe kunyarta tun tana budurwa, ni na kwance mata ita a tsakar gida saboda ina son in ji ƙarar ƙarfe. Na ce wa Yaya ya kwashe kayansa. Ya ce ba a daidaita ba, hayaƙi baƙi take yi. Na ce ya bar ta haka.

Litinin, 15 ga Satumba

Babu koko.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na aika Maryama da tuwo sashen Inna, an karɓa, kwanon ya dawo a wanke. Na je gaisuwa da safe ta amsa daga cikin ɗaki, labule a sake. Na durƙusa a bakin ƙofa ina neman abin faɗa. In ce ta yi haƙuri da me? In na ambaci abin, na sake tuna mata cewa na ji.

Ado ya kira. Ya ji labari. Bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, "Da kin hwaɗa mata." Shi ke nan. Na fi awa ina zaune da wayar a cinya.

Garin geron hannunta na nan a jikin ƙofar motar. Na kasa gogewa, na ja tamfal na rufe.

Laraba, 1 ga Oktoba

Inna ta shigo da koko. Ta ajiye, ba ta zauna ba, tana kallon kajina kamar su ta zo gani.

"Abin can, an ƙare shi?"

Na ce a'a Inna, an bari, ba za a sake ba.

Ta ce, "Wancan tun yana yaro bai taɓa ƙare aiki ba. Keken ubanshi ya kwance, har aka saida shi a buhu." Ta gyara mayafi. "Ki ce ma ɗan'uwanki ya zo ya ƙare mishi wanga. Amma a hwaɗa mini rana."

Na ce to. 

Lahadi, 12 ga Oktoba

Da kaina na je na gaya mata tun jiya, na sake gaya mata da safe. Ta zo da tabarma da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna gindin bedi ta ba motar baya, tana ɓara.

Aikin ya ɗauki wuni. Yaya yana taɓa ordinatar, yana rage mai, yana ƙara, yana shinshina hayaƙi. In ya ɗan taka sai a ji wani ƙwas-ƙwas cikin injin kamar tsakuwa a gwangwani, ya ɗage ƙafa da sauri ya ce wannan ce ke fasa inji. Duk lokacin da ta yi, sai in tuna haƙƙin Maryama. Bel ya yi ƙara, ya ɗaure shi. Hayaƙin ya washe a hankali. Bayan azahar ƙwanƙwasar ta ɓace. Ya kalle ni ya ce, "To, ga abinki," ya taka sosai.

Wayyo. Wannan ne? Wani siririn ihu ne ya hau bisa gurnanin, yana ƙara tsini, tamkar an ja akuya da igiya zuwa kasuwa. Kajina suka watse. Wannan ne abin da babban mutum ya yi ta kanga mini a kunne, fuskarsa na walƙiya.

Dariya ta kubce mini. Cikin takaba, da mayafina, na toshe baki ta ƙi tsayawa, hawaye na zuba. Na dubi Inna a tsorace. Ba ta juyo ba. Kafaɗunta na rawa, ban san wanne take yi ba, kuma ban je na duba ba. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ya sake."

Ya sake. Na ɗauka a waya, a ɓoye, cikin mayafi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na fita takaba jiya. An yi sadaka, an yi wanka, an yi kitso. Yau mai sayen ya zo da Ado, wani saurayi daga Maraɗi mai ƙamshin turare, ya zagaya ta yana shafawa. Ado ya ce na yi dabara. Na sunkuyar da kai.

Da suka fita da ita muka tsaya a zaure ni da Inna, ba mu leƙa ba. Muna jin ta ta bi ta kasuwa, ta hau kwalta, ya taka, ihun ya tashi ya yi ta yin nisa. Mun daɗe a tsaye bayan ya ɓace. Rumfar ta yi faɗi, sai tabon mai a ƙasa.

Talata, 28 ga Oktoba

Yaya ya aiko a tambaya yaushe zai turo motar kwasar kayana in koma gida. Na ce ina ɗaurewa. Tabarma ɗaya na naɗe, ita ma na warware da rana don Maryama ta kwanta.

Ashe Inna ta gan ni ran nan. Jiya ta kawo koko ta zauna, ta ce, "Abin da kika ɗauka cikin mayahi, yana nan?" Na kunna. Ta kanga wayar a kunne, ta rufe ido har ya ƙare, ta miƙo mini ta tashi. Yau ma ta zo, ta miƙo hannu kawai. Ba ta iya kunnawa da kanta ba, ni ma ban yi saurin koya mata ba. Ba wani abu ba ne, kayan ne da yawa, kuma hanya ba ta bushe ba.

Wayar ta nemi in sa wa muryar suna don kada ta ɓace cikin sauran. Na rubuta Tattasai na goge. Na rubuta Baban Maryama na goge.

Na sa sunansa na yanka, Aliyu.