Gogen Malam Sufyanu a Soron Kaka

Gummi, Litinin

Zuwa ga matata Rufaida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya jaririyarmu Khairat? Ki gaishe mini da Inna da mutanen Anka duka. Sabis ya ƙi, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Albishirinki, na gama rubuta kiɗan nan da kika ce ya fi ki samun hirata. Masu shirya bikin kiɗan zamani sun karɓa, ranar Asabar za su turo masu ɗaukar sauti. Makaɗa uku ne kacal, goge da sarewa da gurmi, ba rawa ba kirari, zama ake yi a saurara.

Kin san tushensa, baitoci bakwai ɗin nan da kakata Maiturare ta rubuta da ajami lokacin da kakana ke gina soronsu na Bukkuyum. Duk ranar da ya bar gini ya sha iska, sai ta yi baiti guda. Don haka na raba kiɗan kashi bakwai, bayan kowane kashi kowa ya tsaya cak, a ƙirga huɗu. A soron za a ɗauki kiɗan, a cikin shirun nan kuma zai maido da sautin, kamar yadda yake maido da muryarta in tana rera mana muna yara.

To, Malam Sufyanu mai goge ya ƙi yin shiru. Shekara arba'in yana kiɗan biki, a wurinsa duk makaɗin da ya tsaya a tsakiya, ko tsirkiya ta tsinke ko ya manta. Ina ɗaga hannu sai ya cike gurbin, yana mini murmushi, wai ya rufa mini asiri. Ina son tsohon nan, amma yau saura kaɗan in yayyaga takardar.

Naki har kullum,
Mujahid

Gummi, Laraba

Rufaida tawa,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya ke da 'yar gidana.

Yau Malam Sufyanu ya mayar da gogensa cikin jaka. Ya ce ba zai yi tsaye kamar gunki a gaban baƙi ba, jibi zai koma gida. Ban ga laifinsa ba. A wani aji mai rufin kwano muke gwaji, in muka yi shiru ba abin da ake ji sai awakin maƙwabta. In ya tafi kuwa kiɗan ya mutu, don hannunsa nake ji a kunnena lokacin da nake rubutawa.

Da ƙyar ya yarda mu je Bukkuyum gobe, ya gwada sau ɗaya a cikin soron. Ke kaɗai zan faɗa wa, tsoro nake ji. Rabona da shiga soron nan shekara goma sha biyu, wataƙila amon nan a kunnen ƙuruciya kawai yake. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mujahid

Bukkuyum, Lahadi

Uwar Khairat,

Gaisuwa da begen ganinku, Allah ya ƙara lafiya. Ki zauna da kyau kafin ki karanta.

Mun iso Alhamis, muka tarar Kawu Faruku ya cika soron da buhunan dawa. Muka kaɗa a haka, soro ya yi gum. Malam Sufyanu ya dube ni da tausayi, wallahi gara ya zage ni. Sai Kawu ya tuna cewa Kaka ba ta taɓa yarda a ajiye komai a ciki ba sai tabarma. Ni da Sagir mai sarewa muka yi ta jidar buhuna har bayana ya ƙage, muka share daɓen tas.

Muka sake farawa. A ƙarshen kashi na farko Malam ya ja hannu zai cike gurbi kamar kullum, sai rufin soron ya dawo masa da sautinsa, siriri, yana zagayawa a kanmu. Hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai sama, baki buɗe, har amon ya ƙare. Daga baya ya ce mini tunda yake bai taɓa jin gogensa daga waje ba. Rufaida, na yi kuka a gaban Kawu, ban kuma ji kunya ba.

Yanzu rigimar ta juya. Ƙirga huɗu ta yi masa kaɗan! Da Sagir ya shigo a kan lokaci, harara ya sha, wai ya katse wa soro magana.

Jiya aka ɗauki sautin, shiru bakwai, ko ɗaya Malam bai cike ba. Masu ɗauka suka nemi takardar kiɗan su tafi da ita. Kafin in miƙa, na soke "huɗu" a duk wurare bakwai, na rubuta: a jira sai Malam Sufyanu ya sauke kansa.

Ina nan tafe Talata in Allah ya so. Ki ce Inna ta tanadi man zafi.

Naki mai murna,
Mujahid