Saƙon Ruwa Ya Daina Zuwa

Wara, Litinin

Zuwa ga abokina Malam Zaharaddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Ɗiyarka Yasira ta ce kada in kira ka, tunda magana a waya tana ba ka wahala, shi ya sa na rubuto.

Manhajar nan da ka rubuta wa ƙungiyarmu ta manoman bakin ruwa ta tsaya. Kullum ina tura awon ruwa daga sandar da ke bakin tafki kamar yadda ka koya mini, amma saƙon gargaɗi ba ya isa wayar kowa, daga nan har Shanga. Ruwa kuwa yana hawa, shinkafa ba ta nuna ba, mutane suna kwana a bukkokin gona da iyalansu. Na nemi wani ya duba, ya ce irin wannan tsohon rubutu sai mai shi.

Allah ya ƙara lafiya.
Naka, Philip Dogo

Yelwa, Laraba

Philip,

Bayan gaisuwa, na gano matsalar. Kamfanin da ke aika mana saƙonni ya canza tsari, ba ya jin yaren kwamfutar da na yi aiki da shi shekara talatin. Sai an sake rubutawa da wani yaren, Python, wanda ban taɓa koyo ba.

Ka san tun da ɓarin jikina ya shanye, hannun dama ya ƙi. Da hagu nake dannawa, harafi ɗaya ɗaya. Amma na sami mataimaki, manhajar AI ɗin nan mai rubutu. Ina faɗa mata abin da nake so a layi biyu, ta zubo mini shafi guda, in tambaye ta dalilin kowane layi, ta bayyana ba gajiya. Rabon da in ji daɗin koyo haka tun muna makaranta. Sai dai takan yi kuskure ba ko kunya: jiya ta ƙirƙiro wani umarni da babu shi sam. Dole in bi komai da idona.

Ka ci gaba da turo awo. Kada Yasira ta ji.

Zaharaddeen

Yelwa, Asabar

Baba Philip,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Ladi. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Na ji komai. Jiya Baba ya gwada sabuwar manhajar, saƙon gwaji ya tafi wayar mutane duka da sunan gargaɗi na gaske. Wani Ya'u daga Shanga ya zo har ƙofar gida yana ihu, wai ya yanke shinkafarsa ɗanya saboda mu. Baba yana son ya ba shi haƙuri, harshe ya ƙi juyawa, sai hawaye. Jininsa ya hau, likita ya ce in aka sake, ba lallai ya tashi ba.

Na kulle kwamfutar a ɗakina. Ku nemi wani. Uba ɗaya gare ni.

Ɗiyarka, Yasira

Wara, Lahadi

Ɗiyata Yasira,

Na gaishe ki. Ban ga laifinki ba, ni na jawo. Amma ki sani, da safen nan saura taƙi ɗaya ruwa ya taɓa jan layin haɗari da ke jikin sandar awo. Ƙauyukan da zan iya kaiwa a babur kaɗan ne, na tsibiri kuwa sai waya. Akwai mata da jarirai a can.

Ba na ce ki bar shi shi kaɗai da kwamfutar ba. Ki zauna kusa da shi, in ya gaji ki rufe. In kin ƙi ma, ba zan riƙe ki a zuciya ba.

Babanki, Philip

Yelwa, Litinin

Philip,

Gaisuwa. Yasira ta ajiye kwamfutar a gabana, ta ɗora na'urar awon jini a gefe. Mun gano inda aka kuskure: AI ta haɗa lambobin gwaji da na jama'a wuri ɗaya, ni kuma idona ya tsallake layin. Yanzu na sa ta rubuta gwajin da zai kama irin wannan kafin saƙo ya fita, na kuma bi shi da kaina.

Tsorona ɗaya: bayan na ranar Juma'a, wa zai yarda? Na sa sunanka da lambarka a ƙarshen saƙon. Duk wanda ya kira, ka ce masa wanga karon gaskiya ne.

Zaharaddeen

Wara, Alhamis

Abokina,

Ruwa ya haye ranar Talata da hantsi. Saƙo ya riga shi. Wayata ba ta huta ba har muryata ta dushe. Na tsibiri sun fito a jirage, har iyalin Bitrus, ɗan ƙungiyarmu, da jaririyarsu. Gonaki da yawa sun nutse, amma ba mu binne kowa ba.

Ya'u bai yarda ba sai da ruwa ya kai masa gwiwa. An ciro shi, awakinsa sun tafi. Har yanzu yana zaginmu, mun gode Allah da yake da bakin zagi.

Ka huta. Ka gaishe mini da Yasira, ka ce mata zan zo da kaina in yi mata godiya.

Naka, Philip