Jajayen 'Ya'yan da Amira Ta Ci

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Mun hau dutsen Baiyun da ke gefen garin nan da muke baƙunta, ni da 'yata Amira da Habsatou, maƙwabciyarmu 'yar Zinder. Na juya ɗaukar hoto, ina waigowa na ga bakin Amira jawur. Wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace ta tsinka a gefen hanya. Na zura yatsa na ƙwaƙulo abin da ya rage. Habsatou ce ta yi hankali ta karyo reshe. Muka ruga asibiti. Likita ya juya reshen, ya ce bai san shi ba, mu dai sa mata ido.

Litinin, 21

Ta tashi lafiya, har tana neman indomi. Alhamdulillahi. Ni ce hankalina bai kwanta ba.

Laraba, 23

Reshen yana cikin kofi a taga. Bishiyar kanta ba ta wuce tsayina ba. Ganyen bibbiyu ne suna fuskantar juna, bakinsu kamar haƙorin zarto, bayansu da gashi-gashi. 'Ya'yan cunkus guda, kowanne ƙwallo ɗaya a ciki, shafaffe. Na nuna wa manhajar waya, ta ba ni suna uku, ɗaya wai guba. Mai shagon ƙasanmu ta duba ta ce "meyo", wato babu, kamar atamfa na tambaye ta.

Baban Amira ya ce, "Firdausi, yarinya ta warke, ki bar ganye ya huta." Ban iya ba.

Asabar, 26

Na koma dutsen ni kaɗai. Daga unguwarmu Sanyuanli ba nisa ashe. Ina tsugune gaban bishiyar sai wata tsohuwa mai jar hula, cikin masu motsa jiki, ta tsaya a kaina. Na nuna mata hoton Amira, na nuna baki. Ta yi dariya, ta tsinki ɗaya ta jefa a nata bakin, ta yamutsa fuska. "Jiyami," in ji ta. Ta maimaita har na kama. Ta rubuta min a waya, fassara ta fito: sunansa viburnum da Turanci, ɗan ƙasar nan ne, ba shuka shi aka yi ba, suna yara sun sha ci.

Na ɗanɗana. Tsami kamar ɗanyar tsamiya. Hawaye suka zo min, na bar shi a kan tsamin.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na kai wa tsohuwar dabino. Ayi nake kiranta, wato inna. Ta nuna min wani irinsa can sama, mai ganye sumul. Wai a Afrilu duk farin fure suke yi, na zo na gani. Ta matsa min a benci.

Alhamis, 7

Hajiyarmu ta kira daga Kano. "Yaushe za ku zo ne? Ke da kika ce garin nan ba ki da kowa." Na ce sai dai bayan Afrilu, in Allah ya kai mu. Ta ce me ake yi a Afrilu? Na ce ba komai, Hajiya, sanyi ne zai wuce.