Kiɗan Ƙwaryar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ɗiyata Bilkisu a Legas, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Ummi. Ya jego, ya ruwa, ya baƙunta? Mu nan Gobarau sai godiyar Allah.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na shiga makarantar matan aure. Na sa wasiƙar a shafin nan da kika buɗe mini don ƙannena su ma su gani, maganar ta shafe su.

Kin ce Ummi ba ta barci, ke ma ba kya yi, har jiri na ɗibarki a kicin. Tun da kika faɗa hankalina bai kwanta ba. Kin kuma tambaye ni kiɗa mai sanyi da za ki riƙa sa mata a ɗaki. Ki guji mai kalangu, ki guji mai waƙa, don jariri yana bin murya ya ƙi runtsawa. Sarewa ba laifi, ko molo idan ana kaɗa shi a hankali. Ki rage ƙarar har sai kin fi jin numfashinta a kan kiɗan.

Amma wanda ya fi su duka yana wurina, kuma na daɗe ina jinkirin turo miki.

Ba ki riski Inna ba, mahaifiyata, wadda Ummi ta ci sunanta. Idan rana ta take, zafi ya hana yara kwanciya, sai ta zuba ruwa a masaki, ta kife ƙaramar ƙwarya a kai, tana taɓa ta da yatsu. Ba irin na biki ba. A hankali, kamar ɗigar ruwa daga indararo bayan an ɗauke. Ban taɓa ganin yaron da ya kai ƙarshen kiɗan nan ido biyu ba.

Abu ɗaya ne, da ladan ya ɗaga murya sai ta dafe ƙwaryar da tafin hannu. Takan ce, "Ku yi shiru, an fi mu magana." Ba ta komawa sai ta idar da sallah.

Kawunki ya taɓa ɗaukar kiɗan a kaset. Da kika yi maganar, na tono shi a ƙasan adaka, na kai Ƙofar Marusa aka juye mini a waya.

Ranar farko na kunna ina tsintar shinkafa. Ana kiran azahar sai kiɗan ya tsaya cak. Na ce waya ce. Na yi alwala, na yi sallah, ina shafa addu'a sai na ji ƙwarya ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ban taɓa wayar ba, Bilkisu. Tana can kan turmi.

Na gwada da la'asar, na gwada washegari. Haka dai. Mai juye kaset ɗin ya saurara daga farko har ƙarshe a shagonsa, ya ce babu inda ya yanke. Malamin unguwarmu ya ce wanda ya tafi ya tafi, in yi wa Inna sadaka in bar zancen. Na yi sadakar. Na yarda da maganarsa, astagfirullah, amma kunnena ma nawa ne.

Na so in riƙe shi. Sai na tuna muryarki a waya, yadda take rawa don gajiya. Inna ba ta taɓa cutar da yaro ba, balle takwararta. Ga shi nan na turo.

Ki sa mata da rana, ki kashe kafin magariba. Ki yi bisimilla tukuna. Idan ya tsaya, kada ki danna komai, ki tashi ki yi sallarki, ki bar shi ya dawo da kansa.

Alfarma ɗaya nake nema, 'yar albarka. An ce lokacin sallarku ba ɗaya yake da namu ba. Ki lura mini, da kiran masallacin unguwarku yake tsayawa, ko da namu na nan? Ina so in san ko Inna tana gida tare da ni, ko ta biyo Ummi.

Allah ya ba ku barci mai daɗi, ke da ita. Allah ya tsare ku daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Allah ya haskaka kabarin Inna, ya sa ta huta.

Taki mai jiran amsa da waya a hannu,
Mamanki.