Zaren Awon Biba

Yaya Yabawa,

Gaisuwa mai yawa daga Kazablanka. Ya ƙafar Inna, ya mutanen Gure? Ni lafiya lau. Tarin nan da nake yi ƙurar yadi ce kawai ta wurin ɗinki, kada Inna ta ji.

Husseini ɗan garinmu zai zo gida hutu, na ba shi riguna uku na 'yata Biba: ja, koriya da mai ruwan ɗorawa. Audugarsu ba ta ga feshin magani ba, ba za su tayar mata da ƙuraje ba.

Amma Yaya, zaren awon da kika aiko ya tsaya min a rai. Na ɗora shi kan na bara, ƙulli ya faɗa kan ƙulli, tsawo da ƙirji duka. Wace yarinya ce ke shekara guda ba ta ƙaru ba? Kullum na kira, sai ki ce tana barci.

Duk da haka na ɗinka su daidai 'yar shekara huɗu. Ki sa mata koriyar, ki ɗauke ta hoto riƙe da wasiƙar nan. In ba zai yiwu ba, kada ki sake aiko da zare. Ki faɗa min da bakinki.

Ƙanwarki,
Balkisa