Kwalabe Huɗu da Suka Shiga Rabon Gado

Zuwa ga mahaifina, Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kuka koya mana, da fatan kuna cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto muku ne a kan kwalabenku huɗu. Na daɗe ina haɗiye maganar, yau dai ta ƙi haɗiyuwa.

Abba, har yanzu ina tuna ku a ɗakin gwaji na kamfanin man girkin nan na Sharada, inda ake tura iskar haidurojin cikin mai don ya daskare. Garin ƙarfen nikel ake zubawa ya hanzarta aikin. Ku kuwa kuka kafe cewa zinare ma zai iya irin wannan aiki, in an mai da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, aka shimfiɗa su a kan garin da ya dace. Abokan aikinku suka laƙaba muku Alhaji Zinare, alhali babur ɗinku sai an tura yake tashi.

Zinare iri ɗaya kuka sa, awo ɗaya, a kan gari huɗu: silika wadda asalinta yashi ce, da alumina ta dangin alminiyam, da farar titaniya da ake sa wa fenti, da jan garin tsatsar ƙarfe, kowanne a kwalbarsa. Ba kwalbar da take ƙyalli. Ta titaniya ma kalar zoɓon da aka sirka da ruwa gare ta. Kukan ce mini, "Rabi, zinare shi kaɗai malalaci ne. A daidai bakin da ya taɓa garin nan ne iskar take rabewa biyu ta kama aiki." Kukan kuma ja mini kunne cewa in wuta ta yi yawa ƙwayoyin suka dunƙule, to an kashe su.

Biyu kuka samu damar gwadawa. A kan silika zinaren barci ya yi, a kan alumina ya ɗan motsa. Kafin a zo kan titaniya da tsatsa, rashin wutar lantarki ya durƙusar da kamfanin, aka sa kwaɗo a ƙofa. Kuka ɗauko kwalaben zuwa gidanmu na Zawaciki, kuka ɗora su a saman kabad. Muka yi alkawari in na kai shekarar ƙarshe a jami'a, su zan gwada a aikin kammala karatuna, mu rufe bakin masu yi muku dariya.

Ina shekara ta uku kuka rasu.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Ƙaninku, Baffa Sule, ya ji cewa akwai zinare a saman kabad. Ya ce haƙƙin marayu ne, ba zai kwanta a kabari da shi a wuyansa ba. Malamin da ya zo rabo ya ce abin da ba a san nauyinsa ba ba ya rabuwa, sai an tace an auna.

Abba, na yi magana. Daga bayan labule na roƙa a ba ni kwalaben a matsayin kasona gaba ɗaya, in bar wa ƙannena komai. Baffa ya ce ba a san ƙimarsu ba, don haka ko a cuce ni ko a cuci yara. Na yi bayanin garin, na yi bayanin wutar, har muryata ta dushe. Aka ce baƙin ciki ne yake sa ni sambatu, aka kawo mini ruwa.

Wajen maƙerin zinare a cikin birni suka kai kwalaben. Ya juye huɗun a tukunyar narki guda, ya hura musu wuta iya ƙarfinsa. Abin da ya fito bai kai ƙwayar gero ba. Baffa ya dawo da shi a ƙulle cikin takarda, ya buɗe a gaban dangi ya ce, "Ashe Yaya wahalar banza ya sha." Wannan maganar ita ta zauna a bakin dangi, da ita ake tuna ku har yau.

Na gama karatu da wani aikin daban, a kan ruwan rijiyoyin Challawa. Daga baya na karanta cewa masana a ƙetare sun ga titaniya tana tayar da zinare fiye da silika. Na yi kuka a kan takardar, domin nasu ne aka gani. Abin da naku zai yi, ba mai sani har abada, ni ma ba ni da abin nuna wa kowa.

Abbana, Baffa ya tsufa. Duk Sallah nakan je in durƙusa in gaishe shi. Yana alfahari a gaban baƙi cewa a gadon yayansa ko ƙwayar zarra ta marayu bai bari ta salwanta ba. Bai ci komai ba, bai yi ƙarya ba, shi ya sa na rasa wanda zan kai wa ƙara sai ku.

Allah ya haskaka kabarinku, ya sa wahalar da kuka sha ta yi nauyi a mizaninku. Allah ya ba ni ikon yafe wa Baffa kafin ɗayanmu ya tarar da ku, domin har yau na kasa.

Wassalam.

'Yarku mai kewarku,
Rabi