Abin da Na Jiyo Miki a Gidan Silima

Zuwa ga Luningning, hasken safiyata, furen sampagita mai ƙamshi bayan ruwan sama, mangwaron Guimaras da babu na biyunsa a zaƙi, Ning tawa ni kaɗai,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Manila, garin da yake nan da hayaniyarsa da hayaƙinsa kamar kullum, amma ya zame mini kufai tun da kika koma tsibirinku. Yaya mahaifiyarki Nanay Pacing da ciwon gwiwarta? Ke fa, pangga, masoyiyata? Kina cin abinci kuwa, ko kina nan kina juya cokali a cikin shinkafa kina kallon teku? Na kira ba ki ɗauka ba, ban kuma ga laifinki ba, na san yanzu waya ta zame miki azaba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tunda idanun nan naki masu sanyi kamar ruwan rijiya babu abin da ya same su.

Kin ba ni aiki, na kuma yi shi. Ranar da za ki tafi kin riƙe hannun rigata kika ce, "Santi, kai da ka ƙware wajen yanka makaɗan garin nan a jarida, je ka saurari kiɗan da na yi wa fim ɗin nan. Ka faɗa mini gaskiya, ba irin gaskiyar samari ba. In ka lallaɓa ni zan gane." Sai kuma kika kau da kai kika ce, "Maganar aure a ajiye ta. Kai da kunne ne sana'arka, ba zan rataya maka kurma a wuya ba." Wayyo Ning! Wace irin magana ce wannan ta fito daga bakin da na saba jin zuma a cikinsa? Har yau in na tuna ta sai na ji kamar na haɗiyi ƙayar kifi.

Ba zan manta da ranar ɗaukar kiɗan ba. Ina zaune a baya, ke kina tsaye gaban makaɗa cike da ɗaki, masu goge a hagu, masu ƙaho da kakaki a baya, masu ganguna a ƙurya, kin ɗaure gashinki da fensir, 'yar sandarki tana yawo a iska kamar tsuntsu a kan gonar shinkafa. Ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau ba. Kwatsam kika ɗaga hannu, aka tsaya. Kika ce, "Masu sarewa, ina kuka shige? Barci kuke yi?" Makaɗa suka dubi juna. Sun busa, Ning, kowa ya ji su, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Na ga lokacin da kika gane, na ga yadda jini ya bar fuskarki. Amma sai kika yi dariya kika ce, "Ku yi haƙuri, ni ce na tafi wani tunani, mu sake." Kika ƙarasa aikin nan kaf da idanunki, kina bin yatsun makaɗa da numfashinsu. Daga baya likita ya tabbatar mana cewa sautuka masu siriri su ne suka fara guduwa daga kunnenki, kuma bai yi alƙawarin sauran za su tsaya ba.

Editata, Ate Perla, ta so in rubuta sharhin kiɗan a jarida. Na ce ta ba wani, domin ni alƙali ne mai son wadda ake yi wa shari'a. Ta dube ni ta saman tabarau, ta kira ni da cikakken sunana ta ce, "Iye, Crisanto mai harshen reza! Soyayya ta dakushe ka ke nan?" Na ce, "Ate, rezar tana nan, a gida zan yi aski da ita." To ga askin, sai ki daure.

Na shiga silima da rana tsaka, cikin iyaye mata da 'yan makaranta da masu gugguru, na zauna na rufe ido a wurare da yawa don kada hoto ya yaudare ni.

Buɗe fim ɗin ya yi nauyi, pangga. Kin saki kakaki da ƙahoni gaba ɗaya tun jarumar ba ta yi komai ba, kamar mai gida da ya juye wa baƙo duk tukunya tun bai wanke hannu ba. Na san darakta ne ya yi ta cewa ki ƙara, amma ke kika rubuta. Faɗan da aka yi a kan gada kuwa, ganguna da fashe-fashen motoci kokawa suka yi, babu wanda ya yi nasara sai ciwon kai. Sannan kiɗan mugun nan na cikin fim ɗin, mai sayar da madatsar ruwa, bai tsorata kowa ba. Kin ba shi manyan goge masu gurnani, amma can ƙarƙashinsu sai na ji tausayi yana leƙowa. Ba ki iya ƙiyayya ba, Ning. A wajen mai kiɗan fim wannan rauni ne, a wajena kuwa shi ne dalilin da na kasa rayuwa ba ke.

Kin ga ban lallaɓa ki ba. Yanzu ki yarda da ni a kan sauran.

Taken jarumarki, wanda ƙaho guda ke ɗauka, ya fi ƙarfin fim ɗin. Yana hawa, sai ya ja da baya kamar mai jin tsoro, sannan ya sake hawa. Sauran jaruman silima ana ba su kiɗan waɗanda ba su san tsoro ba. Ke kin ba taki kiɗan yarinyar unguwa mai sayar da kifi, wadda aka ɗora wa ƙarfin da ba ta roƙa ba, tana jin tsoro amma tana tafiya. Duk lokacin da ƙahon nan ya ja da baya, ke nake gani.

Sai wurin ambaliya, wurin da kika ce da ni kin rubuta shi a makance. Ruwa ya taho ya fi gidaje tsawo, mutane sun hau rufin kwano da jarirai da tsofaffi, jaruma ta tsaya ita kaɗai ta tare shi da tafin hannunta. Kowane makaɗi a duniya ganguna zai saka a nan. Ke kika ɗauke komai. Shiru ya sauka a silima har ina jin numfashin na kusa da ni. Daga cikin shirun ne ƙananan goge suka taso, can sama, siriri kamar zaren gizo-gizo, sarewa ta biyo su a hankali. Bari in faɗa miki yadda suke, tunda kunnenki bai kai can ba. Kin san hasken asuba da ke ratsowa ta tsagar bangon gora a ɗakin Nanay, ya kwanta a kan tabarma layi-layi? Haka suke. Kin san yayyafin da ke sauka a kan teku lokacin da babu iska, wanda ido ke gani amma fata ba ta ji? Haka sarewar take. Babu sautin da ya kauce, babu wanda ya yi yawa. Abin da kika ji a cikin kanki, shi ne ya fito, bai ragu da komai ba.

Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni, wadda ta rako jikokinta, ta damƙe hannuna ba ta sani ba. Da aka kunna fitila ta sake ni tana goge ido da gefen rigarta, ta ce, "Yi haƙuri ɗana. Ranar da ruwa ya tafi da mijina haka ya yi shiru. Kowa cewa yake ambaliya ƙara ce da ita. Wanda ya yi kiɗan nan ya sani." Na ce, "Lola, kakata, mace ce ta yi shi, kuma ita zan aura." Ta buge ni a kafaɗa ta ce, "To me kake yi a nan kai kaɗai kamar marar gata?" Amsar tana wurinki, Ning. Ke ki ba ni.

Ga hukuncina, ni Crisanto da ba a san ni da yabo ba: kiɗa ne mai kurakuran wadda ta fara babban aiki, da zuciyar wadda za a daɗe ana jin sunanta. Ban ce ya cika ba. Na ce na biyu zai fi shi, kuma dole a yi na biyun.

Haba tauraruwata, haba inuwar kwakwata a tsakar rana! Kina tsammanin kunnenki na so? Shin lokacin da kike cin miyar tsamiya kina zufa kina dariya har ki ƙware, kunne ne ke dariyar? Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kika zauna kina shafa mini goshi, kunne ne ya shafa? Idan duk sautin duniya ya ƙaurace miki, ni ba zan ƙaura ba. Teku yakan janye daga gaɓa, amma yashin yana nan yana jira, ni ne yashin nan. Ban iya yi miki alƙawarin jinki zai dawo ba, wannan ba a hannuna yake ba. Ban kuma ce ba za ki yi kuka ba, za mu yi tare. Abin da na iya shi ne in zauna a bayanki a kowane ɗakin kiɗa, in jiyo miki abin da ya fi ƙarfin kunnenki, in kawo miki shi da launi da ƙamshi da taɓi, mai daɗi da marar daɗi, ba ragi ba ƙari. Za mu koma wurin likita a gwada miki na'urar ji. In ta yi, mun gode wa Allah. In ba ta yi ba, kiɗan yana cikin kanki, hannunki kuma ya san hanyar takarda.

Kewarki ta hana ni sakat. Motocin jifni na ta hon, masu talla na ta kira, coci na ta buga ƙararrawa, ni kuwa duk garin nan babu sautin da nake nema sai takun silifas ɗinki a kan matakala. Me zan yi da kunne biyu lafiyayyu idan ba ki nan?

Akwai abin da na fara ban faɗa miki ba. Ina zuwa koyon maganar hannu wajen wata malama, Odessa, wadda aka haifa ba ta ji, kuma ban taɓa ganin mai surutu kamarta ba. Yatsuna kamar rogo suke. Rannan na so in ce mata na ji daɗin darasi, sai ta faɗi kan kujera tana dariya, ta rubuta mini cewa abin da na ce shi ne ni agwagwa ce mai ciwon ciki. Ba don na fid da rai da kunnenki nake koyo ba. Ina so ne duk ƙofar da ta rufe, ki tarar na riga na buɗe wata.

Akwai jimla guda da na maimaita har Malama Odessa ta daina dariya, ta ɗora hannu a ƙirji ta gyaɗa mini kai. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ranar Asabar zan hau kwalekwalen safe daga tashar Iloilo zuwa tsibirinku. Ki ce wa Nanay ta ƙara shinkafa, ke kuma ki fito bakin ƙofa ki dubi hannuwana. In na yi kuskure, ki yi dariya son ranki, amma ki ba ni amsa.

Naki a cikin amo, naki a cikin shiru, yau da gobe har numfashina na ƙarshe,

Santi